Samu oda-oda, biya wata-wata: lissafin da mandubi ba ya nunawa a bidiyo

Ɗan yayata ne ya turo mini bidiyon daga Kano, da saƙon murya biye da shi. A bidiyon wani matashi Bahaushe ne zaune cikin mota a Riyad, ya juyo da fuskar wayarsa yana nuna wa duniya abin da ya haɗa a ranar daga kai wa mutane abinci gida: riyal 310. Saƙon muryar kuwa lissafi ne zalla. "Kawu, na buga a waya. Riyal ɗaya wajen naira 400 ne, ka ga naira 124,000 ke nan a wuni guda. To a wata fa? Don Allah ka sa baki a nemo mini biza, ko da filin Baba za a sayar."

Ban ce mai bidiyon ƙarya ya yi ba. Akwai ranar da ake samun haka, akwai ma wadda ake wucewa, musamman daren Juma'a ko goman ƙarshe na azumi. Sai dai yaron nawa ya ɗauki ranar salla ya ninka ta sau talatin, ya kira ta wata. Ba mai kunna kyamara ranar Litinin 20 ga wata, lokacin da aljihun mutanen gari ya yi sanyi, kowa ya koma cin girkin gida yana jiran 27 ga wata da gwamnati ke biyan ma'aikatanta.

Na fi shekara 15 a Jidda, kuma aikina riƙe littafin kuɗi ne, shi ya sa yaranmu kan kawo mini lissafinsu in duba musu idan ya rikice. Akwai wani gidan abinci kusa da inda nake haya. In ka wuce bayan isha'i za ka tarar da su a bakin titi, wasu kan babur, wasu sun jingina da mota, wasu sun zauna a dakalin shagon da ya rufe: 'yan Pakistan, 'yan Bangaladash, 'yan Yaman, 'yan Sudan, da namu. Kowa kansa a sunkuye, waya a tafin hannu, igiyar caji ta biyo daga aljihu. Hira ake yi amma rabin hankali na kan waya. Ta wani ta yi ƙara, sai ya zabura a tsakiyar magana, ko sallama babu. A nan mandubi ake ce musu. Duk sanda na gan su 'yan kan-ta-waye nake tunawa, leburorin da ke sammako su zauna a bakin hanya da shebur da kwanon sarki suna jiran mai gini ya tsaya da mota. Wannan zaman jira, can da nan, ba mai biyan sa.

Aikin a-yi-a-biya ba baƙon Bahaushe ba ne. Mun san ɗan dako, mun san ɗan garuwa, mun san ɗan acaɓa kafin a hana shi a Kano a 2013. A Makka ma mutanenmu sun daɗe suna tura tsofaffi a keke wajen ɗawafi da safa da marwa, a biya su kan kowane zagaye. Amma ɗan dakon Kantin Kwari yana ganin kaya da idonsa, ya jinjina ya ji nauyi, ya yi ciniki. Yana da 'yan kasuwar da suka san shi da suna, ranar da ya kwanta ciwo wani Alhaji zai ce ina wane, ya aika masa da na magani. Mandubi ba ya ciniki, abin da manhaja ta yanka shi ke nan. Ita ke zaɓar wanda za ta jefa wa oda, bisa wani lissafi da ba a nuna masa. Gidan da ya kai wa abinci sau goma ba su san sunansa ba, kwastomomin manhaja ne. In ya shekara biyar yana aikin ya tashi barin sa, abin da ya tara taurarin yabo ne a waya, su ma ba a ɗaukar su a kai wata manhajar.

Kasuwar ba ƙarama ba ce. Cikin manhajojin kai saƙo na Saudiyya, HungerStation ta fara a 2012, Mrsool a 2015, Jahez a 2016. A 2016 ɗin ne asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya saka dala biliyan 3.5 a Uber, ita kuma Uber ta sanar da sayen kishiyarta Careem a 2019 kan dala biliyan 3.1. Da korona ta kulle mutane a gida a 2020, wanda bai taɓa yin oda ba ma ya koya. A 2024 Keeta ta kamfanin Meituan na Sin ta shigo, ta fara da Alkharj sannan Riyad, gasa ta ƙara zafi. Gasar nan mai saye ke shan romonta: ragi, kai kaya kyauta, sauri. Sabon kamfani kuma yakan buɗe hannu da farko don ya tara masu aiki, labari ya bazu har Kano da Maraɗi cewa ana samu. Daga nan sai mutane su yi yawa a kan oda ɗaya. Yawan mandubai ba ya cutar da kamfani ko kaɗan, ƙara masa sauri yake yi, tunda mutum ashirin da ke zaune a dakali ba ya biyan ko ɗayansu sai wanda ya tashi. Da albashi yake biya, da tun kan mutum na biyar ya ce ya isa.

Tun muna makarantar zaure aka karanta mana cewa ɗan ƙwadago iri biyu ne a fiƙihu. Akwai ajirun khas, wanda ka ɗauka ya ba ka lokacinsa, kamar yaron shago. Shi da zarar ya zo ya tsaya maka, ladansa ya hau kanka ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Akwai kuma ajirun mushtarak, kamar tela ko marini, wanda ke yi wa kowa aiki. Shi sai ya yi aikin ake biyan sa, amma shi ke faɗin farashinsa, shi ke zaɓar aikin da zai karɓa, kwastomominsa nasa ne. Kowanne an ba shi wani abu, an hana shi wani. Mandubi kuwa an ɗauko ɗaurin na farko an haɗa masa da rashin tabbas na biyun. Ana bin sawunsa a taswira, ana ƙirga masa daƙiƙun da zai amsa oda, in ya cika ƙin karɓa ya ga ta ragu, amma wajen biya sai a ce ai kai mai zaman kanka ne. Malamai na da wata ƙa'ida, algunmu bilgurmi, wato mai cin riba shi ke ɗaukar asara. A wannan sana'a an raba su: ribar na hawa sama, asarar na gangarowa har ta tsaya a kan wanda ke riƙe da sitiyari. Mutane kan kawo hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, kuma gaskiya manhajojin ba su cika jinkirin biya ba. Gumin da ba a ƙirga ba shi ne abin magana.

Ba mu kaɗai muka lura da haka ba. A Fabrairun 2021 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke cewa direbobin Uber da suka kai ƙara ma'aikata ne, kuma lokacin aikinsu ya haɗa da zaman da suke yi manhaja a kunne suna jiran fasinja. Sifen ta yi dokar masu kai saƙo a shekarar, Tarayyar Turai ta amince da tata a 2024. Saudiyya wata hanya ta bi, kuma don a gane ta sai an tuna cewa a ƙidayar 2022 mutum miliyan 13.4 cikin miliyan 32.2 na ƙasar baƙi ne. A nan tambayar farko kullum ita ce wace takarda ke aljihunka.

Ɗaukar fasinja da motar kai ta manhaja dama an keɓe wa 'yan ƙasa. A Janairun 2024 kuma hukumar sufuri ta fitar da sababbin ƙa'idojin kai saƙo, aka fara aiki da su daki-daki daga Afrilu: ɗan ƙasa ne kawai zai yi aikin da ƙashin kansa, baƙo sai ta ƙarƙashin kamfanin sufuri mai lasisi, sanye da inifom, manhaja kuma ta riƙa tantance fuskar mai aiki. Saboda haka Hausawa huɗu za su iya tsayawa a ƙofar gidan abinci ɗaya, kowanne ya karɓi leda iri ɗaya, amma kasadar da ke kan kowannensu daban.

Na farko ɗan ƙasa ne, jikan waɗanda suka zo hajji a ƙasa tun zamanin raƙumi suka zauna, irin masu laƙabin Hausawi da ake gani har a ƙungiyar ƙwallon ƙasar. Shi wannan aiki alheri ne gare shi, kuma bai kamata a ƙi faɗin haka ba. Ɗalibi ne ko ma'aikacin safe, ya kunna manhaja da yamma ya samu na mai da na cefane, ya kashe ta sanda ya ga dama, ba sai ya nemi wasiɗa, wato alfarma, wajen kowa ba. Tun da aka bar mata tuƙi a 2018 wasunsu ma sun shigo. In an rufe masa hisabi, wato rajistarsa a manhaja, ya yi tsaki ya buɗe wata manhajar. Asibitin gwamnati kyauta ne gare shi, gidan ubansa na nan, ba wanda zai ce ya bar ƙasa.

Na biyu shi ne wanda kamfani ya ɗauko da bizar aikin. A takarda shi ma'aikaci ne cikakke, kuma dokar ƙwadagon ƙasar nan ba ta da laifi a rubuce. Awa 8 a rana, hutun kwana 21 a shekara, in ya yi rashin lafiya kwana 30 da cikakken albashi sannan kwana 60 da kashi uku cikin huɗu. In ya gama aiki yana da kuɗin sallama: rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken wata kan kowace shekara bayan nan. Kuɗin igama, wato takardar izinin zama, da na izinin aiki da inshorar lafiya duk a wuyan kamfani suke. A ganina dokar 2024 ci gaba ce ga duk wanda ya faɗa hannun kamfani na gaskiya, mai saka kwantiragi a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, yana biya ta banki. Amma ta kuma dasa wani mutum a tsakiya. Manhaja oda-oda take biyan kamfanin, shi kuma kamfanin wata-wata gwamnati ke karɓar nata a hannunsa, riyal 700 ko 800 kan kowane baƙon ma'aikaci, ga kuɗin mota ga masauki. Ina zai kai wannan giɓi in wata ya yi muni? Sai ya sauke shi ƙasa, ta hanyar ƙayyade adadin odar da dole a cika kafin albashi ya fito cikakke, da yanke-yanke kan latti da ƙorafin kwastoma. Duk wanda ya taɓa jan adaidaita sahu a Kano ya san wannan tsari, balas ne aka sa masa inifom. Ko an yi ruwa ko an yi zanga-zanga, na mai mashin sai ya cika.

Wani yaro ɗan Damagaram ya kawo mini nasa lissafin wata rana bayan la'asar, a rubuce a bayan kwalin shayi. Ya cika adadin da aka sa masa saura oda goma sha ɗaya, don ya yi kwana uku zazzaɓi na kayar da shi. Goma sha ɗayan nan suka jefa shi matakin ƙasa, aka biya duk odojin watan a farashi mai rahusa. Sannan ga tara guda ta riyal 500.

Na ce, "Wannan fa ta mece ce?"

Ya ce, "Baba, ta waya ce. Sahir ce, kyamarar kan titi, ta ɗauke ni ina taɓa ta a kan hanya."

"To me ya kai ka taɓa waya kana tuƙi?"

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Baba, oda ce ta shigo. In ban danna ba ta wuce, in ta cika wucewa su daina turo mini. Wayar ce shagona."

Tarar taɓa waya a kan tuƙi riyal 500 zuwa 900 ce, ta tsallake jar danja kuwa 3,000 zuwa 6,000. Ba na ganin laifin dokar, rayuka take karewa, kuma duk wanda ya ga yadda ake gudu a titunan Jidda minti goma kafin shan ruwa ba zai so a sassauta ta ba. Amma a lissafin yaron, abin da oda ɗaya ke bar masa bai cika wuce riyal 10 ba. Dannawa ɗaya ta cinye oda hamsin. Mai gaggauta shi daban, mai cin tararsa daban, mai biya shi kaɗai. Haka batun zafin rana. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa ma'aikata aiki a rana tsakanin 12 zuwa 3, kuma birkila mai albashi in ya fake a inuwa ladansa na nan. Wanda ake biya oda-oda kuwa, awannin nan su ne na abincin rana, hutawa a cikinsu daga aljihunsa take fita.

Na uku shi ne ya fi yawa a cikin waɗanda ke zuwa wurina, mai abin da ake kira biza hurra. Babu wata biza mai wannan suna a dokar Saudiyya, a bakin ejan kawai take. Abin da ke faruwa shi ne wani ɗan ƙasa ya buɗe ƙaramin kamfani ko ya nemi bizar direban gida, ya sayar, kai kuma ka sauka ya ce je ka nemi na kanka, ka riƙa kawo mini kaza a wata. Duk kuɗin da doka ta ɗora wa kafili, wato wanda bizarka ke ƙarƙashin sunansa, sai ya dawo kanka. Riyal 800 sau 12 ya kama 9,600, ga 650 na igama, ga inshora, ga na kafili. In ka kawo iyali, kowane kai riyal 400 ne a wata tun 2020, mace da 'ya'ya uku 1,600 ke nan kafin a sayi ko burodi. Ka ƙara haya, da mai da ke riyal 2.18 lita, da harajin kashi 15 a kan kusan duk abin da ka saya. Waɗannan duka ba su san ranar da oda ta yi ƙaranci ba. Kuma yi wa wanda ba kafilinka ba aiki laifi ne a doka, hukuncinsa na kaiwa ga tara da tsarewa da tarhil, wato kora zuwa gida. Gyaran da aka yi a Maris 2021, wanda ya ba ma'aikacin kamfani damar sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba sai da yardar kafili ba, bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba.

Irin wannan mutum, da na huɗu wanda igamarsa ta mutu ko bai taɓa yin ta ba, su ne ke hayar hisabi. Wani mai takarda ya yi rajista da sunansa, ya ba ka wayar, ka riƙa biyan sa a mako. Kuɗin aikinka asusun bankinsa suke shiga, sai abin da ya miƙo maka. In ya ce an yanke, an yanke. Wa za ka kai wa ƙara, da wane suna? Tantance fuska don toshe wannan ƙofa aka kawo ta, kuma na san wanda kullum sai ya bi mai hisabin har gida da sassafe don ya leƙa fuskarsa a waya kafin a fara aiki. Rannan mai hisabin ya tafi Abha hutu da iyalinsa, mutumin ya zauna kwana tara ba ko riyal.

Hatsari ne ke tona asirin duk wannan gini. Baƙon da kamfani ya yi wa rajista a hukumar inshorar ma'aikata ana biya masa kashi 2 cikin ɗari na albashi don raunin wurin aiki, in ya karye a bakin aiki akwai magani akwai diyya. Wannan kaɗai baƙo ke da shi a hukumar, ba fansho, kuma Sanid, inshorar rashin aiki da aka kafa a 2014, ta 'yan ƙasa ce. Mai hayar hisabi ko wannan ɗin ba shi da shi. A takarda ba shi ne ya yi tafiyar ba, wani mutum ne da ke kwance a gida lafiya lau. Na je duba wani da babur ya kayar, ƙafa a ɗaure, ɗakin mutum shida. Bai tambaye ni batun magani ba. Cewa ya yi, "Yaya, igamata saura wata biyu. Ka ga ƙafar nan za ta taka kafin nan?"

A nan rasa aikin baƙo ya bambanta da na kowa. A gida in aiki ya ƙare maka, talauci ne ya same ka, amma kana garinku. A nan zamanka ɗaure yake da aikin. In alaƙa ta yanke tsakaninka da kamfani, kwana 60 gare ka ka samu wanda zai karɓe ka ko ka fita. In kafili ya rubuta cewa ka gudu, abin da har yanzu muke kira hurub ko da an sauya masa suna, ka koma mai waiwaye duk sanda ka ga motar jawazat, jami'an shige da fice. Rufe hisabi kuwa ba ya zuwa da takardar sallama. Ka tashi da safe ka kunna waya ka ga saƙo layi biyu. Wataƙila kwastoma ne ya ce abinci bai iso ba bayan ya cinye, wataƙila na'ura ce ta ga abin da ba ta gane ba. Akwai kotunan ƙwadago, kuma ana fara da zaman sulhu kafin a kai gaban alƙali, wanda ke da kwantiragi a hannu yakan samu haƙƙinsa. Amma ƙungiyar ƙwadago irin ta gida, mai kiran yajin aiki, babu ita a ƙasar nan. Ɗan adaidaita a Kano in an matsa masa yakan ajiye mashin gari ya tsaya cak. Mandubi in ya ajiye waya, na kusa da shi a dakali ne zai ji tasa ta yi ƙara.

Akwai kuma waɗanda na fi tausaya wa, yaranmu haifaffun nan da ba su da shaidar zama 'yan ƙasa. Larabcin Hijaz ya fi Hausa zama a bakinsu, sun san lungunan Jidda da Makka fiye da taswirar waya, da a ce cancanta ake bi su ne sarakunan wannan sana'a. Amma a gaban doka daidai suke da wanda ya sauka jiya. Rusau ɗin da aka yi a Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, wanda ya ci unguwannin Karantina da Sabil da Gulel da Kandara, ya ƙara musu nauyi ta inda ba a cika lissafawa ba. Haya ta tashi, wannan kowa ya sani. Abin da ya fi shi shi ne warwatsewar unguwa. Mai shagon da ke ba ka bashin shinkafa har ƙarshen wata, da tsohuwar da ke riƙe adashi, da maƙwabcin da zai ara maka riyal 200 ba tare da rubutu ba, kowa ya kama gabansa.

Su ne kuwa ainihin inshorar mandubi. Adashi, da karo-karo a zauren WhatsApp na 'yan gari ɗaya: wane ya yi hatsari, a taimaka da abin da ya sawwaƙa, wane na hannu, a haɗa masa na tikiti. Ina cikin zauruka uku irin waɗannan, kuma ina alfahari da abin da ake yi a ciki. Amma mai riƙe littafi ba ya iya hana kansa ganin inda kuɗi suka fito da inda ya kamata su fito. Kuɗin jinyar wanda ya karye a kan oda, da aka tara riyal ashirin-ashirin daga aljihun wasu mandubai, wani ɓangare ne na tsadar kai abincin nan, wanda ba mai saye ya biya ba, ba kamfani ba. Shi kansa adashin zubi yake so a kan lokaci, daga hannun mutumin da bai san abin da zai samu gobe ba. Na ga abota ta shekara goma ta mutu a kan zubi biyu.

Sai gida. Riyal ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, ita kuwa naira tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta faɗi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 kan dala a farkon 2024. Wannan ne ya sa riyal 310 ya zama abin ɗauka a bidiyo. Amma buhun shinkafa da kuɗin makaranta ma ba su tsaya jira ba, kuma mutanen gida watan da ka fi aikowa shi suke ɗauka ma'auni. Ka aika da yawa bayan azumi, an sa yara a makarantar kuɗi, an fara gini. Watan da iyalan Saudiyya suka watse hutun bazara oda ta ja baya, ba ka da bakin cewa babu, ai kana ƙasa mai tsarki. Sai ka ci bashi ka aika don kada a ce ka canza. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan abin ya fi yi musu nauyi, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 mutum ɗaya a nan ke riƙe da gidaje uku ko huɗu da suka yi hijira. In kuma da bashin biza ka zo, ko gona aka sayar, shekarar farko ba taka ba ce.

Ban ce wa ɗan yayata kada ya zo ba. Na san waɗanda suka zo ta kamfani na ƙwarai, suka daure shekara uku, suka gina gida suka yi aure, kuma zaman banza a gida ma ba tabbas ba ne. Abin da na yi shi ne na ba shi tambayoyi ya kai wa ejan. Wace sana'a za a rubuta a igamar, kuma sunan wane kamfani? Za a nuna masa kwantiragin kafin ya hau jirgi? Albashi nawa ne tsayayye a watan da bai cika adadi ba? Wa ke biyan mai, wa ke biyan tara, wa ke sabunta igama? In ya kwanta ciwo sati biyu, me zai shigo asusunsa?

Bayan kwana huɗu ya kira ni. Ejan ya amsa ta farko rabi, ya ce kamfani babba ne sananne, sauran kuma in ya sauka zai gani da idonsa, kuma ya hanzarta don mutum uku na layi a kan bizar.

Na ce, "To kai me ka gani?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, mai bidiyon nan na tura masa saƙo na tambaye shi nawa yake ragewa a wata bayan ya biya komai. Ya buɗe ya karanta, bai ba ni amsa ba."

Yayata ta ce a bar maganar sai bayan kaka. Filin na nan, bana wake aka shuka a ciki.